Ba Girin-Girin Ba, Ta Yi Mai: Matsayin Fairolisis a Yaƙi da Sharar Roba

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka bayar da sanarwar janye tallafin man fetur a Nijeriya, duk wata magana da ta shafi samun mai da araha ta zama abin kasa kunne. Cikin maganganun da suka fi yawo a makarantu da gidajen rediyo da wayoyin hannu har da batun mayar da leda da tsofaffin robobi su zama fetur ko kananzir ko dizal. A bukukuwan nunin kimiyya na makarantun sakandare ba wuya ka tarar da ɗalibai sun jera gwangwani da bututu da kwalba, wani ruwa baƙi-baƙi yana ɗiga, a kyasta masa ashana ya kama, jama'a su ɗauki tafi. Daga nan sai a ce ai an sami maganin ƙazanta da na tsadar mai a lokaci guda.

Abin da ɗaliban nan suke nunawa gaskiya ne, babu rufa-ido a ciki. Daga mai da iskar gas aka yi roba, kuma ana iya mayar da ita wani abu mai kama da mai. Sunan wannan hanya a wurin masana shi ne fairolisis. Sai dai a ganina an ɗora wa hanyar kayan da ya fi ƙarfinta. Tana da gurbi, amma ƙarami ne, kuma a ƙarshen sahu yake. Wanda ya sa ta a gaba zai yi asarar kuɗi, in ma bai cutar da lafiyar maƙwabtansa ba. Dalilaina na kimiyya ne da lissafi, kuma ɗalibin aji huɗu zai iya bin su da alƙalami da takarda.

Babu mai musun cewa sharar roba ta zama annoba. A shekarar 1950 robar da duniya duka ta ƙera ba ta wuce tan miliyan 2 ba, amma a 2019, bisa ƙididdigar ƙungiyar nan ta tattalin arziki da ake kira OECD, ta kai tan miliyan 460. Wani bincike da Roland Geyer da Jenna Jambeck da Kara Lavender Law suka wallafa a 2017 ya nuna cewa zuwa shekarar 2015 an zubar da sharar roba kimanin tan miliyan 6,300. Kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a juji ko warwatse a doron ƙasa da cikin teku. Mu a nan ba ma bukatar ƙididdiga kafin mu yarda. Ledar ruwa da baƙar ledar cefane su ke toshe kwatami, da damina ruwa ya rasa hanya ya faɗa gidajen mutane. Mahauta sun san abin da suke tararwa a tumbin shanu da awakin da suka yi kiwo a bola. Manoman kewayen Kano, waɗanda tun kaka da kakanni suke kwasar sharar birni su kai gona a matsayin taki, yanzu sai sun tsaya tsintar leda kafin su watsa, abin da ya kuɓuce musu kuwa ya kwanta a ƙasa shekara da shekaru. Duk wanda ya zo da hanyar rage wannan masifa ya cancanci a saurare shi da kyau, kuma a yi masa tambayoyi.

Yadda Roba Ke Zama Mai

Kalmar fairolisis ta samo asali ne daga kalmomin Girkanci guda biyu, ɗaya na nufin wuta, ɗaya kuma warwarewa. Ma'anarta ke nan: warware abu da zafi a inda iskar oksijin ba ta shiga. Sunan ne baƙo, aikin kuwa Bahaushe ya daɗe da saninsa. Mai yin gawayi yakan jera itacen ƙirya, ya lulluɓe shi da ciyawa da ƙasa, ya bar 'yar kafa, sannan ya sa wuta. Da ya bar itacen a sarari, da toka zai kwasa. Da yake ya hana iska shiga sosai, zafi ne ke dafa itacen, ruwa da hayaƙi da wani baƙin danƙo su fita, a bar gawayin da maƙeri ke nema. Mai gawayi abin da ya rage a ramin yake so, hayaƙin ya tafi sama. Mai fairolisis na roba kuwa hayaƙin yake so, shi yake tarewa ya sanyaya har ya zama mai.

Don a gane yadda hakan ke yiwuwa, sai a san yadda aka gina robar. A 1920 wani Bajamushe masanin sinadarai, Hermann Staudinger, ya kawo ra'ayin cewa abubuwa irin su danƙon roba an yi su ne da ƙwayoyi masu tsawon gaske, wato ƙananan ƙwayoyi dubbai da suka riƙe juna kamar duwatsun jigida a zare. Abokan aikinsa da dama sun ƙi yarda da farko, daga baya aka tabbatar, har ya sami lambar yabo ta Nobel a 1953. Irin wannan doguwar sarƙa ita ake kira folima. Ledar ruwa, alal misali, folietilin ce, wadda Eric Fawcett da Reginald Gibson suka yi kiciɓis da ita a ɗakin gwaji na kamfanin ICI a Ingila a 1933. Ba ta ƙunshi kome ba sai kabon da haidirojin: kowace ƙwayar kabon tana riƙe da haidirojin biyu, tana kuma riƙe da 'yar'uwarta ta gaba da ta baya. Fetur da kananzir da dizal da kyandir su ma kabon da haidirojin ne, tsawon sarƙa ne ya bambanta su. Sarƙa mai kabon 1 zuwa 4 iskar gas ce. Daga 5 zuwa wajen 12, fetur ne. Daga wajen 10 zuwa 20, kananzir ne da dizal. In ta haura haka sai ta fara daskarewa kamar kyandir, in kuwa ta kai dubbai ta zama leda. Aikin fairolisis shi ne tsinka jigidar nan gunduwa-gunduwa.

Ana zuba roba a rufaffiyar tukunyar ƙarfe, a kori iskar da ke ciki, sau da yawa da iskar naitirojin, a ɗaga zafi zuwa digiri 400 har 600 a ma'aunin santigired. Robar ta narke, sarƙoƙin su tsintsinke, tururi ya tashi ya bi bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi. Abin da ya sanyaya ya zama ruwa shi ne man. Abin da ya ƙi zama ruwa iskar gas ce mai kama wuta, akan mayar da ita ƙarƙashin tukunyar ta taimaka wajen zafafa ta. A gindin tukunya kuma akan tarar da baƙin gari, wato kabon tare da duk ƙasa da fenti da dattin da suka shigo da robar. Zafi bai san inda zai yanka ba, ko'ina ya samu tsinkawa yake, saboda haka abin da ke fitowa gauraye ne na ɗaruruwan sinadarai. Idan zafin ya yi ƙasa kaki ya yi yawa, idan ya haura digiri 700 galibin kayan ya tafi a iskar gas. Masana'antu kan sa wani sinadarin hanzarta aiki, irin su ziyolait, domin su karkata sakamakon zuwa irin man da suke so, amma shi ma kuɗi ne, kuma datti na kashe shi da wuri.

Kalmar roba ta rufe mana wani bambanci mai muhimmanci. Idan mai karatu ya juya gindin kwalba ko bokiti, zai iya ganin lamba daga 1 zuwa 7 a cikin alama mai kusurwa uku, tsarin da masana'antun Amurka suka fito da shi a 1988. Lamba 2 da 4 folietilin ce, ta jarkoki da ledoji. Lamba 5 folifurofilin ce, ta buhuna da kujeru da murafan kwalba. Lamba 6 folisitarin ce, ta farin kwanon ɗaukar abinci mai kama da soso. Waɗannan huɗu su ne abincin tukunyar fairolisis, domin kabon da haidirojin ne zalla. Lamba 1, wato PET, ta kwalaben ruwa da lemo, kashi ɗaya cikin uku na nauyinta oksijin ne. Ba ta ba da mai na kirki, sai wasu sinadarai masu tsami da ke daskarewa su toshe bututu. Lamba 3, wato PVC, ta bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ledar shimfiɗa a ɗaki da wasu takalman roba, ita ce ta fi muni. Kimanin kashi 57 cikin 100 na nauyin tsantsarta kulorin ne, kuma tun zafi bai kai digiri 300 ba take fara sakin iskar da in ta haɗu da danshi ta zama asid mai cin ƙarfe da huhu. 'Yar kaɗan daga cikinta ta isa ta ɓata man tukunya guda. A bola kuwa babu wanda ya jera su daban-daban.

Lissafin Leda

A nan ne nake so malamai su tsayar da ɗalibansu. Mu ƙaddara cewa ledar ruwa ɗaya da aka shanye aka busar tana da nauyin giram 2, abin da kowane aji zai iya tabbatarwa ko ya gyara da sikelin ɗakin gwaji. Leda 500 ke nan ke yin kilogiram 1. Mu kuma yi wa tukunyar adalci mu ce kashi 70 cikin 100 na ledar na zama mai, wanda sakamako ne mai kyau ko a ɗakin gwaji. Lita ɗaya ta irin wannan mai tana da nauyin kimanin giram 800. Kafin a sami lita ɗaya sai an zuba leda giram 1,140, wato leda wajen 570. Mai janareton da ke shan lita 10 a wuni yana bukatar leda 5,700 kowace rana. Ƙaramar masana'anta mai cin tan 5 a rana kuwa tana bukatar leda miliyan 2 da rabi, yau da gobe da jibi, damina da rani.

Wa zai tsinto su? Nawa za a biya shi? Leda ba ta da nauyi amma tana da cin wuri, mota ta cika maƙil alhali kayan da ke cikinta bai taka kara ya karya ba, man da motar za ta sha kuwa da kuɗi za a saya. Sannan ledar da aka ciro daga kwata jiƙaƙƙiya ce, cike da yashi. Kowane kilogiram na ruwa da ya shiga tukunya sai ya lashe zafi megajul 2.26 kafin ya zama tururi, ban da zafin da ya kai shi ga tafasa, kuma ba ya ba da ko ɗigon mai. Yashi kuma yana ƙara wa baƙin garin da za a rasa inda za a kai. Don haka sai an wanke, an busar, an tantance, an yayyanka. Tukunyar ita ce mafi sauƙi a cikin aikin duka. Maƙerin zamani mai walda zai iya haɗa ta. Wahalar tana wajen tattarawa da tantancewa, kuma ita ce ba a nunawa a wurin baje koli.

Man da ya fito ma bai zama dizal ba tukuna. Ɗanyen mai ne da sai an tace. Idan daga folietilin aka yi shi ba tare da sinadarin hanzartawa ba, yakan zo da kaki mai yawa, wanda da sanyin asubar hunturu zai iya yin kauri ya toshe matatar inji. Yana kuma da sinadaran da ba su da zama lafiya, in ya daɗe a jarka sai ya yi duhu ya yi danƙo. Mafi hatsari shi ne ɓangaren da ke kama da fetur a cikinsa. Kananzir na ƙwarai ba ya sakin tururi mai kama wuta sai ya kai digiri 38 ko fiye, fetur kuwa yana saki ko a cikin tsananin sanyi. Ƙasar nan ta sha ganin fitila da risho sun fashe sun ƙone mata da yara saboda kananzir da aka gauraya da fetur. Wanda ya ɗura ɗanyen man leda a kwalba ya sayar da sunan kananzir, irin wannan tarkon ya ɗana.

Wani zai ce ai waɗannan matsaloli ne na talaka mai gwangwani, manyan kamfanoni sun wuce nan. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Tun cikin shekarun 1970 Hansjörg Sinn da Walter Kaminsky suka yi ta gwaji a Jami'ar Hambug ta Jamus da tukunya mai yashi mai zafi da iska ke motsawa, kuma sun nuna cewa kimiyyar tana aiki. Robar nan mai kama da gilashi da ake yin fitilun bayan mota da ita, fiye da kashi 90 cikin 100 nata kan koma asalin sinadarin da aka yi ta da shi. Amma da aka zo ga gaurayayyar shara sai labari ya sha bamban. Kamfanin BASF, ɗaya daga cikin mafi girman kamfanonin sinadarai a duniya, ya buɗe masana'antar gwaji mai cin tan 15,000 a shekara a garin Ludwigshafen a 1994, ya rufe ta a 1996, domin ba a cim ma yarjejeniya a kan samun isasshiyar shara da kuɗin sarrafa ta ba. Sai a 2018 ya sake komawa kan batun. A 2021 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya bi diddigin ayyuka 30 na irin wannan sarrafawa a nahiyoyi uku, ya tarar da cewa ko dai suna aiki kaɗan-kaɗan ko sun rufe, kuma fiye da rabinsu sun makara da shekaru. Ledar da mazauna birnin Boise na Amurka suka yi ta warewa domin a mayar da ita dizal, a ƙarshe tanderun siminti aka kai ta aka ƙone. Masana'antar Regenyx ta jihar Oregon, wadda aka daɗe ana misali da ita wajen sarrafa folisitarin, ta rufe a 2024. A shekarar ce kuma kamfanin Shell ya janye burin da ya sa wa kansa a 2019 na sarrafa sharar roba tan miliyan 1 a shekara kafin 2025, ya ce ba mai yiwuwa ba ne. Waɗannan masu kuɗi ne da injiniyoyi da wutar lantarki wadda ba ta ɗaukewa. Abin da ya kayar da su shi ne dai abin da lissafin ledar ruwa ya nuna: tsabtatacciyar shara mai yawa tana da tsada, gurɓatacciya kuma tana lalata man.

Akwai kuma tambayar da masu talla ba sa son a yi. Shin mayar da leda mai, a ƙone man, sake sarrafawa ne? Ga wani lissafin na ajin kimiyyar sinadarai. Nauyin kabon 12, na haidirojin 1, na oksijin 16. Kowace gaɓa ta folietilin, kabon ɗaya da haidirojin biyu, nauyinta 14. In ta ƙone takan ba da iskar kabon dayokzaid mai nauyin 44. A raba 44 da 14, a sami 3.14. Wato kowane kilogiram na leda, ko a bola aka ƙone shi ko a cikin janareto bayan ya bi ta tukunya, yana iya sakin kilogiram 3 da ɗoriya na iskar da ke ɗumama duniya. Robar ta tafi ke nan, sai an haƙo sabon mai a yi wata. Akwai hanyar mayar da man fairolisis sabuwar roba, amma sai an tace shi har kulorin da ke cikinsa ya koma 'yan ƙalilan cikin miliyan, sannan a kai shi babbar masana'antar sinadaran fetur a gauraya da wanda aka saba. Irin wannan masana'anta da muke da ita a Eleme kusa da Fatakwal tana nesa da Kano da fiye da kilomita 900, kuma an gina ta ne domin ta yi aiki da ruwan iskar gas.

Ba na cewa ƙona man leda a inji da ƙona leda a bola duk ɗaya ne. Ƙonawa a sarari, musamman in da PVC a ciki, tana haifar da dayoksin, gubar da Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta lissafa cikin mafi hatsari a duniya, tana shiga ƙwai da nono da nama, ta daɗe a jikin mutum. Kuma kilogiram ɗaya na folietilin yana ɗauke da zafi sama da megajul 40, kusan daidai da dizal, fiye da ninki biyu na busasshen itace, ƙonawa a bola kuwa watsar da shi ne a banza. Tukunyar da aka gina da kyau, aka hana iska shiga, aka wanke hayaƙinta, ta fi wannan nesa ba kusa ba. A nan ne amfanin fairolisis yake, kuma amfani ne na gaske.

Sai dai kalmar "da kyau" ita ce kome. Durom da aka ɗora a kan murhu a bayan gida, iska na kutsawa ta kafofi, iskar gas na fita ba mai ƙona ta, tayoyi ko itace ne makamashinsa, bai bambanta da bola mai ci da wuta ba, illa ya ƙara da hatsarin fashewa. In kaki ya toshe bututu, tururi ya rasa mafita, durom ya zama bam. In aka buɗe murfi yana da zafi, iska ta shiga, wuta ta tashi. Tururin ma yana ɗauke da benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini. Mun ga abin da tace mai a durom ke yi: tun daga ƙarshen 2016 baƙin ƙunci ya yi ta sauka a kan rufi da tufafi da hancin mutanen Fatakwal, kuma an danganta galibinsa da matatun bayan fage. A Indiya, inda ƙananan tukwanen fairolisis na tayoyi suka yaɗu a ƙauyuka, sai da hukumar hana gurɓata muhalli ta ba da umarnin rufe guda 270 a 2019. Garin neman gira kada a rasa ido.

Wani hatsarin kuma na siyasa ne. Masana'antar da ke jin yunwa ba ta tambayar inda abincinta ya fito. Tun da Sin ta rufe ƙofarta ga sharar robar ƙasashen waje a farkon 2018, ƙasashe masu arziki suke neman inda za su kai tasu. Idan aka gina babbar tukunya a nan, aka kasa tara mata leda, mataki na gaba shi ne a nemi izinin shigo da shara da sunan kayan masana'anta. Ɗalibanmu ba su san Koko ba, ya kamata a gaya musu. A 1988 aka gano fiye da tan 3,000 na shara mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a wannan ƙaramin gari na bakin ruwa, a jihar Delta ta yanzu. Abin da ya biyo baya shi ne kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a shekarar, sannan Yarjejeniyar Bamako ta 1991, wadda ta haramta shigo da shara mai hatsari cikin Afirka.

Masu Sana'ar da Ake Mantawa da Su

Abin da ya fi damuna a yawan yabon fairolisis shi ne yadda ake magana kamar babu mai sarrafa roba a ƙasar Hausa. Akwai. 'Yan jari-bola na bin unguwa-unguwa suna sayen fasasshen bokiti da tsohuwar jarka da tsinkakken silifa a kan sikeli. Dillalai na warewa bisa iri da launi, masu inji na niƙawa, masana'antun Sharaɗa da Bompai na narkawa su fito da buta da baho da takalmi. Narka folietilin a sake zuba ta bai bukatar zafin da ya wuce digiri 200 da 'yan kai, sarƙar tana nan ba a tsinka ta ba, kilogiram na tsohuwar roba ya koma kusan kilogiram na sabon kaya. Kwalbar PET kuwa kafin ta kai bola ta ɗauki zoɓo da kunun aya da man gyaɗa, daga baya a niƙa ta a yi zaren tufafi. Wannan sana'a tana ciyar da gidaje masu yawa ba tare da tallafin kowa ba. To, robar da tukunyar fairolisis ta fi so, tsabtatacciya busasshiya mai lamba 2 da 5, ita ce dai wadda waɗannan mutane suke saye. Masana'antar da za ta yi gasa da su a kanta, ta ƙwace buta ta mayar da ita hayaƙin janareto, ci baya ta kawo.

Gurbin fairolisis yana wurin abin da ɗan jari-bola ya duba ya wuce: siririyar baƙar leda, takardar biskit da ta taliya, buhun da rana ta cinye, ledar da aka riga aka narka sau da yawa har ta rasa ƙarfi. Ko a nan ma tana da abokan takara, domin a Gana da Kenya ana gauraya narkakkiyar leda da yashi a yi bulon daɓe, a Indiya kuma tun 2002 Farfesa Rajagopalan Vasudevan na Madurai ya nuna yadda ake sa ta cikin kwalta. Abin da ya fi duka kuwa shi ne ledar ta ragu tun daga kasuwa. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas ta hana farin kwanon soso a Janairun 2024. Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, amma leda ba ta bar kasuwannin Yamai da Maraɗi ba, abin da ke nuna cewa doka ba ta tafiya sai an ba mai saye da mai sayarwa abin da zai maye gurbi. Muna da shi ma: kwando da ƙwarya da jakar kaba ba su ɓace ba.

Idan wata gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ta sami mai tallar tukunya, ina ba ta shawara ta nemi ganin takardun wata masana'antarsa da ta yi shekara guda tana aiki da sharar gari ta gaske: tan nawa ya shiga, lita nawa ta fita, man me aka ƙona wajen zafafa tukunya, ina aka kai baƙin gari da ruwan wanki, wa ya sayi man kuma a kan nawa. Man ya tafi tanderun masana'antu masu dogon bututun hayaƙi, kada ya shiga ɗakin girki. Jami'o'inmu kuwa, maimakon kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya sake tabbatar da cewa leda na ba da mai, abin da aka sani shekara hamsin da suka wuce, gara su auna abin da ke cikin bolar Kano da Sakkwato da Zariya iri-iri, su gwada ko yumɓun ƙasarmu zai iya zama sinadarin hanzartawa mai araha, su kuma samo hanyar cire kulorin mai sauƙi.

Malaman sakandare kuma ina roƙonsu su ajiye gwangwani da wuta. Akwai gwajin da ya fi wannan koyarwa kuma ba ya ƙona kowa. A sa ɗalibai su tara duk robar da aka zubar a harabar makaranta cikin mako guda, su wanke, su busar, su auna. A yayyanka samfuri daga kowace iri a jefa a bokitin ruwa: folietilin da folifurofilin za su taso, domin nauyinsu bai kai na ruwa ba, PET da PVC za su nutse. Ƙaƙƙarfar folisitarin za ta nutse a ruwan famfo, amma in aka narka gishiri da yawa a ciki sai ta taso. A kira ɗan jari-bola na unguwa ya zaɓi abin da zai saya, ya faɗi farashinsa. Abin da ya bari a ƙasa a sake aunawa, a cire mai nutsewa, a ɗauki kashi 70 cikin 100 na sauran, a raba da giram 800. Adadin da ya fito shi ne litar man da makarantar za ta iya samu a mako, sai a kai shi wurin mai kula da janareton makaranta a tambaye shi awa nawa zai kunna da shi.